Ɗan Fari a Turken Akuya

Da aka ɗaure gero aka zuba a rumbu, Iya Husainatu ta ce lokaci ya yi da za a gwada jikanta a gaban mutane, a san abin da ake ciki. Yaron ya ga damina huɗu a duniya, amma ko kalma ɗaya bai taɓa furtawa ba. Sunansa na yanka Ishaƙ, sunan mijin Iya ne da ya rasu, don haka babu mai iya kama shi a gidan. Ɗantsoho ake ce masa in an ga dama. Yawanci dai "yaron nan" ne.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka dasa shi a tsakiya. Matan unguwa biyar suka kewaye shi, har da Rahamatu maƙwabciya, wadda ta zo da 'yarta Murja don a sami abin kwatance.

"Kai, maigida, wace ce ni?" in ji Iya.

Yaro ya dubi bakinta.

"Nuna mana hancinka," in ji Rahamatu.

"A'a, a ce ya ɗauko ludayi," in ji wata.

"Ka ce Iya! I-ya! Buɗe bakin mana!"

Duk suka yi ta magana a tare, kowace na ɗaga murya sama da ta 'yar'uwarta. Ɗantsoho ya juya nan, ya juya can, sannan ya cusa kai tsakanin gwiwoyinsa. Murja kuwa, wadda ba ta cika shekara uku ba, ta nuna hancinta, ta ɗauko ludayi, ta ƙara da gaya wa Iya cewa haƙoranta sun yi ja. Aka tuntsire da dariya, aka sa mata albarka. Aka tashi taro a kan cewa yaron dolo ne, sai dai a yi ta haƙuri.

Duk wannan abin, Lauratu na bakin turmi, ta ba su baya. Ita ce ta haife shi. Shi ne ɗanta na fari, kuma a Ɗanzomo na wancan zamani, macen da ta san ciwon kanta ba ta kiran ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ko tsai da ido a kansa in da mutane. Ta ba shi nono, ta kau da kai. Lauratu ta iya wannan sosai, har ana misali da ita a bakin rijiya. Amma ranar nan sau biyu taɓarya ta kuskure turmi.

Tun ranar yaye Iya ta ɗauke yaron zuwa sashenta, ta ce mijinta ne ya dawo, ita za ta riƙe abinta. A shekarun nan gyaɗa ta yi daraja, tun da jirgin ƙasa ya iso Kano, kuma Iya ta kama sana'ar mai da ƙuli-ƙuli gadan-gadan. Da hantsi wuta na ci a murhu uku, kasko na tafasa. Yaro mai tafiya ba ya zama kusa da wuta, don haka Iya ta yi dabara. Ta samo igiyar rama, ta ɗaure masa ƙafa ɗaya a turken da ke bayan rumbu, inda akuyarta take. Nan akwai inuwa, in ji ta. Da safe a ajiye masa ƙoƙon kunu, da rana a jefa masa ƙuli-ƙuli biyu, da magariba a kwance shi tare da akuyar.

"Ku nuna mini jikan da aka tsare kamar nawa a garin nan," haka take faɗa wa masu sayen mai. "Ko ƙuna ɗaya babu a jikinsa."

Gaskiya ne, babu ƙuna. Akwai dai kantar igiya a idon sawunsa, baƙa, zagaye kamar munduwa.

Lauratu kan wuce ta wurin da tulu a ka, sau huɗu a yini. Idan ta wuce, yaron kan miƙe ya biyo ta iyakar tsawon igiya, ya tsaya. Ita kuma ta miƙe wuya, ta dubi danga. Wata rana ƙafarta ta ɗan yi nauyi a wurin, sai ta ji muryar Iya daga bakin kasko.

"Mene ne kika yar a bayan rumbu?"

"Ba komai, Iya."

"To a kula. Ido ma yana da kunya."

Lauratu ta taɓa gwada mijinta. Ilu mutum ne mai jakuna uku, yana kai hatsi kasuwar Maigatari ya dawo da kanwa. Ta kai masa tuwo zaure, ta durƙusa, ta yi ta juya murfin akushi.

"Malam, yaron nan na wurin Iya, na ga kamar yana yawan zama shi kaɗai."

Ilu ya dubi rufin zaure kamar an ambaci abin da bai kamata a ambata ana cin abinci ba. Ai shi ma ɗan farinsa ne.

"Wane yaro?" ya ce. "Wannan zancen mata ne. Ni ma a hannun Iya na tashi, ga ni nan ina magana."

Aka shiga rani. Wata safiya Iya tana murza tunkuza sai ta ji kukan akuya biyu a bayan rumbu, ga shi kuwa akuya ɗaya gare ta. Ta leƙa. Ɗantsoho ne a durƙushe gaban akuyar, ta ce "mee," ya ce "mee." Ta ja nata da tsawo, ya ja nasa da tsawo. Ta yi atishawa, ya yi. Fuskarsa a sake, har da murmushi.

Iya ta saki salati da ƙarfi, gida ya cika. Rahamatu ta ce iska ce. Wata ta ce tun yana ciki aka yi musaya. Iya ta ce ita dai a zuriyarsu babu mai kukan dabba, a je a binciki dangin uwa can wajen Sule Tankarkar. Babu wadda ta ce yaro ya koyi yaren wanda yake hira da shi. Lauratu ta yi tunanin haka, amma ta haɗiye.

Washegari aka kira Barau wanzami. Ya zo da zabirarsa, ya sa aka danne yaron, ya cusa yatsa a bakinsa, ya girgiza kai irin na wanda ya gama sanin komai tun daga gida.

"Linzami ne," ya ce. "Wani zare ne a ƙarƙashin harshe, ya ɗaure maganar. Hausa ce yake son yi, in ta zo wucewa sai ta maƙale ta fito ta akuya. Na tsinke shi yanzu, kafin Juma'a sai kun roƙe shi ya yi shiru."

"Sarkin aska, ka taɓa ganin irinsa?" in ji Iya.

"Irinsa? Akwai wanda na yi wa a Gagarawa, yanzu shi ke yi wa dagaci shela."

Lauratu na cikin ɗaki lokacin da ihun ya tashi. Ta cusa gefen zane a baki ta ciza. Da ta fito ɗebo ruwa, an riga an mayar da shi turke, jini ya bushe a haɓarsa, ƙudaje na bi. Barau na zaure yana shan fura, yana ba Ilu labarin Gagarawa.

Juma'a ta zo ta wuce. Ɗantsoho ya daina kukan akuya, wannan kam an samu. Ya kuma daina shan kunu na kwana uku, ya daina miƙewa in Lauratu ta wuce. Sai ya zauna ya jingina da turke yana rausaya gaba da baya, gaba da baya, tun hantsi har la'asar. In mutum ya nufo shi sai ya dafe baki da hannu biyu.

"Kun ga ya natsu," in ji Iya. "Mai sunansa ma ba mai yawan magana ba ne. Shekara talatin ina gidansa, ban ji ya yi dogon zance ba."

Wata tsohuwa a wurin ta ce a ranta, ai bai taɓa samun fili ba.

Ana cikin haka Gwaggo Talatu ta shigo da tallan daddawa. Tsohuwar ungozoma ce daga wani ƙauye a hanyar Gumel, rabin yaran yankin ta hannunta suka faɗo duniya. Ta ajiye ƙwaryarta tana shan ruwa, sai idonta ya faɗa bayan rumbu.

"Wannan fa, laifin me ya yi?"

"Dolo ne," in ji Iya. "Mun gwada shi a gaban mutane."

Talatu ta nufi bayan rumbu. Ta je ta zauna a ƙasa, ɗan nesa da yaron, ta miƙe ƙafafu. Ba ta taɓa shi ba. Ta daɗe a zaune har ya sauke hannu daga baki. Sannan ta kai hannu bayan kansa ta kaɗa yatsu a hankali. Ya waiwaya. Ta ɗauko ƙwayar gyaɗa, ta nuna masa, ta kife ƙoƙo a kanta, ta kife wani ƙoƙon a gefe, ta sauya musu wuri. Ya ɗaga na daidai. Ta ɗora dutse a kan dutse, ta tura masa wasu. Ya ɗora uku, na huɗu ya faɗi, ya sake. Ta tafa sau biyu, ya tafa sau biyu. Ta yi ƙasa da murya tana rera wani abu marar kai, yaron ya zuba wa leɓenta ido, nasa leɓen na motsi.

Lauratu ta tsaya da faifai a hannu, ta manta da tankaɗe.

Talatu ta miƙe tana kakkaɓe zane. "Kunnensa lafiya, idonsa lafiya, hankalinsa ya fi na wasu masu gemu. Husainatu, wa ke yi masa magana a gidan nan?"

"Magana? Ni da nake yini ina magana?"

"Na sani, tun daga bakin kasuwa ake jin ki. Shi nake tambaya. Wa ke zama ya ce masa ga ruwa, ga tuwo, ga wata ya fito? Wa ke ba shi saƙo ya kai? Da wa yake wasa?"



"To me zan ce wa yaron da ba ya amsawa?" in ji Iya.

"Da kika haifi Ilu, shi ya fara gaishe ki?" Talatu ta ɗauki ƙwaryarta. "Ku kwance shi. Ku bar shi cikin yara. Uwarsa ta riƙa ja shi jiki tana yi masa surutu, ko na banza ne. Shi ke nan maganin."

"Uwarsa?" Iya ta dafe ƙirji. "Ɗan farin? A gidan nan?"

Ba a sayi daddawa ba ranar. Kafin Talatu ta fita zaure, Iya ta riga ta sanar da maƙwabta cewa tsufa ya taɓa matar, kuma daddawarta ma ba ta da ƙamshi.

Bayan azahar Iya kan kwanta ta yi barcin rana, ƙofarta a rufe. Washegari a daidai wannan lokaci Lauratu ta ɗauki ƙoƙon ruwa ta zagaya bayan rumbu, tana sanɗa kamar mai shirin sata. Ta durƙusa. Shekara huɗu ba ta taɓa duban fuskarsa sosai ba. Ashe girarta ce a goshinsa. Ta buɗe baki, ta rasa me ake ce wa ɗa.

"Ruwa," ta ce a ƙarshe, ta ɗaga ƙoƙon. "Wannan ruwa ne."

Ya dube ta, ya dubi ƙoƙon.

Haka ta yi ta yi kullum. Ta kawo zangarniya ta ce gero. Ta kama hannunsa ta ce hannu, ta lissafa masa yatsu. Ta kwance igiyar, ta ajiye ludayi can gefe ta ce ya ɗauko, ya ɗauko. Ta koya masa jefa tsakuwa a ƙwarya. A kwana na tara ya ce "uwwa," yana nuna ƙoƙo. A na sha biyu ya ce "ge'o." Ta toshe bakinta don kada kukanta ya ta da Iya. Ta gaya masa sunan rumbu, da na kaza, da na tururuwa. Abu ɗaya ne harshenta ya kasa ɗauka: ba ta taɓa gaya masa ko ita wace ce ba.

Rahamatu ce ta gan su ta kafar danga. Ta gan shi a kan cinyar uwarsa, tana shafa masa man gyaɗa a idon sawu. Kafin la'asar labari ya kai bakin rijiya ya dawo.

Da yamma aka yi zama a zaure. Iya a kan buzu, Ilu a gefe yana tsinken haƙori, ga Bappa, ƙanen marigayi, wanda ya zo daga Maigatari cin kasuwa aka tsayar da shi. Lauratu a durƙushe a bakin ƙofa.

"A kan cinya, Bappa," in ji Iya. "Da rana tsaka. Tana kallonsa ido cikin ido. Ni da na yi shekara biyu ina wahala da yaron nan, yau an mai da gidana abin nuni."

"Ke, haka aka yi?" in ji Bappa.

"Haka aka yi, Bappa. Amma ya fara magana. Ya ce ruwa. In kun yarda a kawo shi ku ji."

"Kun ji ko?" in ji Iya. "Har tana ba da labarinsa da bakinta."

Aka kawo yaron duk da haka. Ya ga manya uku sun zuba masa ido, ya dafe baki da hannu biyu.

Bappa ya shafa gemu, ya yanke hukunci. Yaro ba zai gyaru ba muddin yana ganin wadda ke lalata shi, uwa kuma ba za ta koyi kunya ba muddin tana ganinsa. Gobe zai tafi da shi Maigatari. Gidansa babba ne, matansa na cikin kulle suna saƙa, akwai wani ɗaki a baya da babu kowa, yaron ba zai dami mutane ba. Ilu ya ce duk abin da manya suka gani daidai ne.

Da hantsi aka fito da jaki ƙofar gida. Aka ɗora Ɗantsoho a tsakanin mangala biyu na dawa. Maƙwabta suka fito rakiya, maza a gindin bedi, mata a bakin danga. Lauratu na daga cikin zaure, inda ya kamata ta tsaya, tana duban ƙasa yadda ya kamata ta duba.

Bappa ya buga wa jaki kara. Jaki ya ɗaga ƙafa. Yaron ya waiwaya, ya nemi fuska ɗaya a cikin fuskokin, ya hango ta a duhun zaure. Ya miƙa hannu. Bakinsa ya yi ta motsi, yana neman abin da ake kiran wannan matar da shi, bai sami komai ba sai abin da yake ji ana ƙwala mata daga bakin kasko.

"Lauwatu!"

Kowa ya ji. Muryar ta fito garau, har bayan gari.

Iya ce ta fara isa wurinsa. Ta kai masa bayan hannu a baki, fas.

"Marar kunya! Sunan uwarka gatsau, a gaban mutane? Wa ya koya maka?"

"Ka ga tarbiyya," in ji wani daga gindin bedi.

Leɓen yaron ya fashe. Bai yi kuka ba. Hannayensa biyu suka fara hawa zuwa baki.

"Na'am!"

Lauratu ce. Ta fito daga zaure ba mayafi, ta ratsa tsakanin surukarta da Bappa kamar ba ta gan su ba.

"Na'am, Ishaƙ. Ga ni. Ni ce innarka. Inna. Ka ji?"

Mata suka saki salati. Ta amsa kiran ɗan fari, ta kuma kama sunan surukinta a tsakiyar hanya, laifi biyu a numfashi ɗaya. Ta sauke yaron daga kan jaki, ta share masa jini da gefen zane, ta juya shi baya ta goya. Ya yi girma da goyo, ƙafafunsa har gwiwarta, amma bai fi nauyin tulu ba.

"Ilu, kana tsaye?" in ji Iya.

Ilu ya buɗe baki. Duk unguwa ta jira. Ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa, ya dubi jaki, sannan ya sunkuya yana gyara igiyar mangala wadda ba ta kwance ba.

Lauratu ta kama hanyar Sule Tankarkar, gidan iyayenta, da ƙafa. Ba ta yi sauri ba. Waɗanda ke bakin rijiya sun ce da ta zo wucewa tana magana da ƙarfi kamar mai talla. Wannan kuka ce. Wancan raƙumi ne. Ga guga, ka ce guga. Suka ce akwai wata ƙaramar murya a bayanta da ke ƙoƙarin maimaitawa.

A Ɗanzomo an yi wata guda ana zancen. Dattawa suka ce zamani ya lalace, tun zuwan Nasara mata suka fara fitsara. Aka riƙa jan kunnen amare kada su zama irin Lauratu. Mutane suka yi ta shiga gidan Iya Husainatu suna yi mata jaje, suna cewa Allah ya ba ta ladan riƙo. Cikin duk masu jajen nan, babu wanda ya tambayi yadda bakin yaron ya kwana.